Inna da 'Yar Bishiyarta ta Cikin Faranti

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Surukata, mahaifiyar maigidana, wadda kowa a gidan nan yake kira Inna, ta rasu a tsakiyar ranin bana, a ɗakinta na tsohon gidansu da ke cikin garin Gombe. Ba ta yi doguwar jinya ba.

Ban san yawan mutanen da ta taɓa rayuwarsu ba sai a zaman makoki. Mata suka cika tsakar gida har bakin zaure, wasu daga Gabukka, wasu daga sababbin gidajen Federal Low-Cost, wasu kuma daga Kwadon a bayan motar ɗaukar auduga. Kusan kowace ta zo riƙe da hannun wani, ko yaro ko saurayi ko budurwa. In ta gama gaisuwa sai ta turo shi gaba ta ce, "Wannan a hannunta ya faɗo duniya." Wata dattijuwa daga ƙasar Tangale, wadda Hausarta ba ta da yawa, ta wuni zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna ba ta ce wa kowa komai ba, da yamma ta shafa ƙyauren da tafin hannunta ta tafi. A waje kuma an ce wani babban ma'aikaci ya sauko daga motarsa, ya durƙusa gaban maigidana, ya kasa ƙarasa addu'a saboda kuka.

Har dariya an yi a makokin, irin wadda ake yi da hawaye a ido. Wata ta ce, "Allah Ya jiƙan Inna. In ta ce ki yi nishi, ko ba naƙuda kike ba sai kin yi." Wata ta amsa mata, "Ni mari ta yi mini da na ce ba zan iya ba. Ga shi nan abin da na ce ba zan iya ba, yana koyarwa a firamare."

Da yawa kuma, bayan sun yi ta'aziyya, sai su rage murya su tambaye ni, "Ina 'yar bishiyarta?" In nuna musu benci a gefen rumfa, su je su tsaya a kanta shiru.

A cikin baƙin akwai wata mata daga Kano, 'yar'uwar maƙwabtanmu, wadda ba ta taɓa shigowa gidan ba. Ta ga wani busasshen icce a cikin faranti, ba ganye ko ɗaya, ƙasarsa ta bushe ƙayau. Sai ta ɗauki buta ta nufe shi tana cewa, "Allah sarki, mai shi ta tafi, an bar shi da ƙishirwa." Ban san lokacin da na miƙe daga cikin mata ba. Na ce, "Kada ki zuba!" Na ƙarasa na karɓi butar daga hannunta, na ba ta haƙuri, ta koma ta zauna tana kallona kamar wadda baƙin ciki ya taɓa wa hankali. Mahaifiyata ta kira ni gefe ta yi mini faɗa, ta ce ba a ɗaga murya a gidan mutuwa. Gaskiyarta. Amma ranar ba ni da bakin yin bayani. Shi ne na zauna nake rubuta wannan, don baƙuwar nan ta gane, kuma don kada jikokin Inna su tashi ba su san wace ce kakarsu ba.

Ni 'yar Katsina ce. Fatauci ne ya kawo mahaifina Gombe bayan jirgin ƙasa ya iso garin, ya buɗe rumfar atamfa a kasuwa. Aure ya shigar da ni gidan da suka yi kaka da kakanni a nan. Na shigo ina tsoron Inna, don labarinta ya riga ta isowa kunnena. Tana cikin matan farko da suka koyi aikin ungozoma na asibiti, tun kafin mulkin kai, lokacin da ake ganin 'yar gidan mutunci ba ta sa fararen kaya ta fita aiki. In an tambaye ta yadda aka yi bikin samun 'yanci, sai ta ce, "Ni ban ga komai ba. Tagwaye nake karɓa."

Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Faratanta kullum a yanke suke, ba ta sa lalle a hannu, kuma ko tuwo za ta kwashe sai ta wanke hannu har gwiwar hannu. Da yayanta namiji, wanda mu muke kira Kawu, ita kuma take ce masa Hamma, Fillanci suke yi, sai in suna so mu ji su juya Hausa. Maigidana shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta yi mini maganarsa sai ta ce "mutumin naki". Ni kuwa tun makon farko "'yata" take ce mini. Maganar da na fi ji a bakinta ita ce, "Duba tukuna, hannu ba ya gudu."

Ta yi shekaru masu yawa tana aiki da wata likita mace, 'yar wata ƙasa daga can gabashin duniya, 'yar ƙaramar mace mai magana a hankali, wadda ta zo wajen lokacin mulkin kai ta zauna. A shekarun da kuɗin mai suka shigo, aka yi ƙarin albashi, gari ya cika da babura da rediyo da ginin siminti, sai aka aiko wa likitar cewa mahaifiyarta ba lafiya. Ta tattara cikin gaggawa ta tafi. Inna tana Kwadon wajen biki, ba su yi sallama ba. Da ta dawo sai ta tarar direban asibiti ya ajiye mata wani abu a zaure, da saƙon baki cewa likita ta ce a ba Inna. Shi ke nan saƙon. Ba sunan abin, ba bayanin yadda ake kula da shi, ba adireshin da za a tambaya.

Farantin ƙasa ne mai ƙyalli, shuɗi-shuɗi, zurfinsa bai kai tsawon yatsa ba, da huda a ƙarƙashi. A tsakiyarsa bishiya take tsaye. Tsayinta bai wuce kamu guda ba, amma gindinta ya kai kaurin damtsen babban mutum, fatarta sumul, launin toka, rassanta gajeru a murɗe, babu ganye. A jikin reshe ɗaya an naɗa siririyar wayar tagulla. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta yi kama da dashe ba. Dashe yaro ne, ana ganin yarintarsa. Wannan kuwa tsohuwa ce sosai. Kamar ka hango babbar bishiya daga nesa a bakin daji, sai dai ga ta a gabanka, kana iya ɗaukar ta da hannu biyu.

Maigidana ya ce ya taɓa jin cewa a ƙasashen can akwai masu renon bishiya haka, suna rage mata saiwa da rassa shekara da shekaru don ta tsufa ba ta yi girma ba, kuma wai bonsai suke kiran abin.

Inna ta ce, "To, sunanta ke nan?"

Ya ce, "A'a, Inna. Sunan renon ke nan. Kowace bishiya ana iya yi mata haka."

Ta ce, "Ashe har yanzu ba mu san baƙuwarmu ba."

Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Wasu suka ce ta mutu tun a hanya, wasu suka ce iccen ƙasar waje ne, ba zai yi a nan ba. Sai Kawu ya zo daga Kwadon. Shi ne babba a dangi, mai gonaki, shi ya riƙe Inna bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita. Ya tsuguna ya dubi gindin, ya miƙe fuskarsa a ɗaure.

Ya ce, "Kariya ce. Dubi yadda gindin ya kumbura. Da ruwan wannan maharba suke dafa kibiya. Gida cike da yara masu rarrafe, ga awaki, ki ajiye guba a tsakar gida?"

Inna ta ce, "Hamma, yanzu ai lokacin furen kariya ne. Ina furen?"

"A faranti za ta yi miki fure? A fitar da ita a ƙone."

Inna ta miƙe. Ta je ta wanke hannu, ta ɗauko sabuwar reza, ta ɗan tsaga ƙarshen wani reshe, ta tsaya tana kallo. Ba abin da ya fito. Ta kankare fatar kaɗan, sai ga kore shar a ƙarƙashi.

Ta ce, "Kariya da an taɓa ta take zubar da ruwa. Wannan ba ta zubar ba. Ban ce na san ta ba, Hamma, amma tana da rai, kuma amana aka ba ni."

Ya ce, "Ke dai tun da kika shiga asibiti ba a gaya miki magana. To, muddin abin nan yana gidan nan, ƙafata ba ta sake shigowa."

Ya fita bai ci abincin da aka ajiye masa ba. Inna ta sa aka kafa katako a saman katanga, inda hannun yaro ba ya kaiwa, ta ɗora farantin a can. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma kowace Juma'a, ranar da Kawu ya saba zuwa, sai in ga ta sa an dama furar da yake so, ta wuni a rufe, da yamma a ba yara.

Inna ta san jikin mutum, amma ba ta taɓa dasa ko barkono ba. Ta yi wa bishiyar abin da kowa zai yi wa baƙon da ya zo a bushe: ta sa ta a inuwa, tana ba ta ruwa safe da yamma. Aka yi makonni haka, ba toho. Wata safiya ta sauko da farantin, ta danna gindin da babban yatsa, sai na ga yatsan ya ɗan nutse. Ta kai hanci ta shinshina. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Inna ba sai ranar.

Ta ce, "'Yata, tafasa mini ruwa. Ki ɗauko almakashina na aiki."

Ta zare bishiyar daga faranti a hankali. Saiwarta kamar rogo take, gajera, mai kauri, gefe guda ya yi baƙi ya ruɓe. Ta yanke duk inda ya lalace har ta kai wurin da yake fari, ta barbaɗa toka a kan yankan, ta kwantar da ita a kan tabarma a inuwa, tsirara, ba ƙasa ba ruwa. Sannan ta zauna tana murza ƙasar farantin a tafin hannu. Ba ƙasar lambu ba ce. Tsakuwa ce ƙanana da yashi mai kaushi.

Ta ce, "Ki duba. Wadda ta zuba wannan ba ta so ruwa ya kwana ba. Amsar tana gabana tun ranar farko, ban duba ba. Na ba ta abin da ni nake ganin ya dace, ban tambayi abin da take so ba."

Da yankan ya bushe, ta aika aka ɗebo yashin rafi, ta sa aka farfasa tsingaro aka gauraya, ta mayar da bishiyar, ta kai ta inda rana take bugawa, ta hana kowa ya ɗiga mata ruwa. Bazara ta shigo da zafinta. Mutum yana neman inuwa, ita kuwa 'yar bishiyar tana tsaye cikin rana a bushe. Matan unguwa suka ce Inna ta ƙarasa kashe ta. Ita dai kowace safiya sai ta danna gindin, ta ce, "Ya yi tauri," ta wuce.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, tun ruwa bai sauka ba, sai ga ƙananan tsiro a bakin rassa kamar ƙwayar gero. Cikin 'yan kwanaki suka buɗe. Ganye ne guda-guda, mai ɗan tsawo, irin wanda za ka gani a bishiyoyi da yawa. Aka sake taruwa ana canki-canki, ba wanda ya gane shi. Inna ta fara ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, sai ƙasar ta bushe sannan ta ƙara.

Can cikin damina, wata safiya ina shara, na ji ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Na same ta a tsugune. A ƙarshen wani sabon reshe ganyen ya sauya: wani ya rabu uku, na samansa kuma ya rabu biyar, ya buɗe kamar tafin hannun jariri. Ta tsinki guda, ta jiƙa yatsu, ta murza shi. Da ta raba yatsun sai ga yauƙi ya ja zare a tsakaninsu. Ta shinshina, ta ɗora a harshe. Na ce, "Inna, in guba ce fa?" Ba ta ji ni ba. Ta koma ta zauna a ƙasa daɓas, ita da ba ta zama sai a kan tabarma.

Ta ce, "Kuka ce."

Na ce, "Wace kuka, Inna?"

"Kukar miya. Kukar da kika sani."

Na dubi abin da ke cikin farantin. Na tuna kukokin da ke hanyar Kwadon, waɗanda ayari guda yake hutawa a gindin ɗaya, waɗanda maza suke haɗa hannu su kasa zagayewa. Sai na ga ai ita ce: kaurin gindin, launin fatar, yadda rassan suka miƙe kamar saiwa ta juya sama. Duk watannin nan tana gabanmu, mu da muke cin ganyenta kusan kowace rana, amma da yake daga hannun baƙuwa ta fito, sai muka yi ta neman sunanta a ƙasar da ba mu sani ba. Inna tana ta maimaita "Subhanallahi" a hankali.

Can ta ce, "Ƙwallo ɗaya likitar nan ta tsinta a garin nan ta shuka. Duk shekarun da muke tsaye tare a kan mata masu naƙuda, ashe in ta koma gida 'yar garinmu take reno, ba ta taɓa gaya mini ba."

Labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa har daga wasu unguwanni. Wata maƙwabciya ta ce, "Inna, kuka fa gidan aljanu ce. A cikin gida za ki ajiye ta?" Inna ta ce, "Aljanin da zai samu wurin kwana a wannan, bai isa yaye ba. In ya zo zan dama masa kunu."

Sanin sunan bai gama aikin ba. Da ruwa ya kankama, sababbin rassa suka yi ta miƙewa har suna neman ɓata siffarta. Ba wanda zai koya wa Inna, sai bishiyar da kanta. Ta bi jikinta da yatsa tana gano tsofaffin tabon yanka: "Nan ta yanke. Nan ma. Kin ga kullum a saman ido take yankewa, inda take so sabon reshe ya fito." Ta lura wayar tagullar ta fara cin fatar reshen, ta warware ta a hankali. Sau ɗaya ta zarce da almakashi a gefe guda, bishiyar ta shekara kamar wanda wanzami ya yi wa rabin aski ya tafi. Ta yi wa kanta dariya, amma daga ranar ba ta yanke reshe sai ta kwana da shawarar. Ta gane cewa in kaka ta yi, ganyen ya fara zubewa, to a janye ruwa ke nan gaba ɗaya har bazara ta gaba, domin a rani barci take yi, kuma ruwa a lokacin barcin shi ne ajalinta.

Ganyen da take ragewa kuwa ba ta zubar ba. Ta shanya shi a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, ya zama ɗan gari wanda bai cika tafin hannu ba. Ta shiga kicin da kanta ta kaɗa miya da daddawa da man shanu, na tuƙa tuwon dawa, maigidana ya kai mu Kwadon a motarsa. Kawu ya amsa gaisuwa a daƙile. Inna ta ajiye kwano a gabansa ta koma gefe. Ya yi bismilla ya ci, don shi ba ya mayar da abinci. Sai da ya suɗe kwanon ta ce, "Hamma, kariyarka ce ka cinye."

Hannunsa ya tsaya a iska. Ta ba shi labari. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce da Fillanci wani abu da ya sa ita ma ta rufe baki da mayafi. Amma da dariyar ta lafa sai ya ce, "To, in kuka ce, laifin ya fi na da. Bishiyar da Allah Ya halitta don ta cika fili, tsuntsu ya sauka, matafiyi ya huta, ke kin tsare ta a faranti. Wannan ba zalunci ba ne?"

Inna ba ta mayar da maganar wasa ba. Ta ce, "Na kwana da wannan tunanin, Hamma, ban gama shi ba. A haka dai aka ba ni ita, kuma mai ita ba ta ce in sake ta ba."

Ba su daidaita a kan wannan ba, amma Juma'ar da ta biyo ya zo ya sha furarsa. Yakan zauna ya juya wa farantin baya.

Akwai abin da Inna ta yi mini da ba zan iya biya ba. Ɗana na biyu bai zo da rai ba. Ita ta karɓe shi, ita ta yi masa wanka. Bayan an watse na shige ɗaki, na daina fitowa, na daina magana, abinci ma sai an matsa. Kowa ya yi mini wa'azi. Inna ba ta yi ba. Wata safiya ta ɗaga labule ta ce, "'Yata, bayana ya riƙe, ba na iya ɗaukar farantin nan. Ke za ki riƙa fitar da ita rana, ki juya ta kowane gefe ya samu, in hadari ya taso da iska ki shigar da ita." Na san bayanta lafiya lau, don a ranar na hango ta ta taga tana ɗauke da tulu. Amma ba a yi wa Inna musu. Na fito don bishiya, na tarar da mutane a tsakar gida, aka gaishe ni na amsa. Washegari na sake fitowa. A haka na dawo cikin mutane, kuma a haka na fara koyon abin da na sani game da ita.

A kakar da ta wuce ƙarfin Inna ya ragu, idonta ya yi rauni. Ta ce a kai ta gonar Kawu, wurin wata babbar kuka da mahaifinsu yake hutawa a gindinta suna yara. Ta ƙi yarda a sa farantin a bayan mota, a cinyarta ta riƙe shi har muka isa. Na ɗauka na ajiye a gindin babbar, tsakanin saiwoyi biyu da kowace ta fi ni kauri. Muka ja da baya. Ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshen ɗaya ba, ka sunkuya ka ga ɗayar a gaban ƙafarka, kuma siffarsu ɗaya, har karkacewar rassa. Ma'aikatan gona suka ajiye aiki suka zo suka tsaya tare da mu.

Kawu ya zo da fartanya a kafaɗa. Ya ce, "Ga ƙasa nan, in kin yarda. Kusa da uwarta."

Inna ta taka a hankali ta ɗora tafin hannu a jikin babbar, ta daɗe a haka. Sannan ta durƙusa da ƙyar ta shafa ƙaramar.

Ta ce, "Hamma, tun muna yara muke zama a nan, ban taɓa ganin kuka gaba ɗayanta ba. Gindi nake gani, ko inuwa. Sai da aka ba ni wannan na san yadda aka ƙera ta, daga saiwa har ƙarshen reshe. Waccan Allah Ya nuna girmansa da ita. Wannan kuma Ya bari mu ɗauka a hannu mu duba. Ka bar mini ita."

Kawu ya daɗe yana kallon ƙanwarsa. Ya sauke fartanyar ya miƙa wa wani. Ya sunkuya, da tsufansa, ya ɗauki farantin da hannu biyu, ya kai mota da kansa. Ranar ce ya fara taɓa shi.

Kwanaki kaɗan kafin rasuwarta ta ce in kawo mata bishiyar bakin gado. Ganye ya riga ya zube. Ta bi jikinta da yatsu, reshe bayan reshe, ta gaya mini wanda zan rage bana da wanda zan ƙyale. Ta ce kada tausayi ya sa in ba ta ruwa kafin ta nema. Sai ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Likitar nan, baiwar Allah, ta tafi tana ganin wataƙila ta bar ta a hannun wadda za ta kashe ta. Da ma akwai mai gaya mata."

Ba mu da adireshinta, ba mu ma san ko tana raye ba. Amma idan wannan rubutu ya taɓa faɗawa hannun wanda ya san wata 'yar ƙaramar likita mai magana a hankali, wadda ta yi aiki a Gombe ta koma ƙasarsu cikin gaggawa, ya taimaka ya gaya mata: kukarta ta rayu. Wadda ta bar wa ta gane ta, ta riƙe ta da kyau, har ranar da ta miƙa ta a wani hannun.

Allah Ya yi wa Inna rahama, Ya yalwata makwancinta, Ya karɓe ta da sauƙin da ta karɓi 'ya'yan mutane. Mu da muka saura, Ya ba mu ikon riƙe abin da aka bar mana.